Wanda Ya Dawo Daga Libiya Ko Aljeriya Hannu Rabbana: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tallafin Kafa Sana'a

Duk wanda ya taɓa zuwa tarbar ɗan'uwa da ya dawo daga Libiya ya san yadda abin yake. Mutum ya yi shekara uku ko huɗu ba ya nan, ya sauko da 'yar jaka ɗaya da silifas, ya rame har sai ka sake dubawa kafin ka gane shi. Ana gama "sannu da hanya" da "Allah Ya kiyaye gaba", mako bai zagayo ba tambaya ta taso a tsakar gida: to yanzu me zai yi? Tambayoyin da ke ƙasa su ne na fi ji daga bakin waɗanda suka dawo, da iyayensu, da matansu. Na bar su kusan yadda ake yin su.

Malam, wai mene ne wannan tallafin da ake ta faɗa, kuma wa ke bayarwa?

Taimako ne da ake yi wa wanda tafiya ta ƙi masa ya dawo gida, domin ya samu abin da zai tsaya da ƙafarsa. Wadda ta fi yin suna a aikin ita ce hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, wadda mutanen Nijar ke kira OIM. An kafa ta tun 1951, ta shiga inuwar Majalisar a 2016. Kuɗin kuwa galibinsu na Turai ne. A taron Valletta na ƙasar Malta, cikin Nuwamban 2015, Tarayyar Turai ta buɗe wani asusu na musamman don Afirka, daga cikinsa aka fitar da shirin haɗin gwiwa da IOM a Disambar 2016. Abin ya ƙara ɗaukar zafi a Nuwamban 2017, da gidan talabijin na CNN ya nuna bidiyon yadda ake gwanjon baƙar fata a Libiya kamar ana cinikin awaki. Daga nan jirage suka kama jigilar mutane gida ba ƙaƙƙautawa.

A Najeriya IOM ba ita kaɗai take aikin ba. NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, ce ke tarbar mutane a filin jirgi, ko na Murtala Muhammed a Legas ko na Malam Aminu Kano. Akwai hukumar 'yan gudun hijira da masu ƙaura ta ƙasa, NCFRMI, akwai NAPTIP da aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, sannan SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, da NDE, hukumar samar da aikin yi, suna da hannu a wajen koyar da sana'a. Wanda ya dawo daga Jamus ko Faransa kuma, ƙasashen suna da nasu tsarin dabam.

Kuɗi ake ba mutum a hannu?

Akasari a'a. Abin da ake damƙa maka ranar sauka ɗan kuɗin mota ne da na abinci, wanda zai kai ka garinku. Babban tallafin yana zuwa daga baya, kuma yawanci kaya ne: keken ɗinki, injin walda, firiza, buhunan kayan tireda, kuɗin hayar shago da ake biyan mai shagon kai tsaye. Kai za ka kawo takardar farashi daga wurin mai sayarwa, su biya shi, ka ɗauki kayanka. Yawan abin ya danganta da shirin da ya dawo da kai da kuma halin da aka same ka ciki, shi ya sa za ka ga mutum biyu sun sauka a jirgi ɗaya amma abin da suka samu ya bambanta.

Da farko ni ma na ɗauki wannan tsari raini ne, kamar ana cewa ba a yarda da mutum ba. Sai da na ga abin da tsabar kuɗi ke zama a hannun wanda ake bi bashi ta kowace kusurwa, na sassauta. Ana iya zuwa a ranci dubu hamsin da ke aljihunka, ba ka da bakin hanawa. Keken ɗinki kuwa sai mai ƙarfin hali zai ce ka sayar ka ba shi.

Ni da ƙafata na dawo, ban biyo ta hannun kowa ba. Ina da rabo?

Nan ne ake yawan shan takaici. Tallafin mutum ɗaya yana bin wanda sunansa ke cikin rajista tun daga can, wato wanda aka dawo da shi daga Tripoli ko Sabha a Libiya, ko ya bi ta sansanonin IOM na Agadas, Arlit, Dirkou ko Yamai a Nijar. Wanda ya biyo motar kaya ya shigo ta Maigatari ko Kongolam ko Illela da kansa, ba shi da lamba a wurinsu, ko da wahalar da ya sha ta ninka ta wanda ya hau jirgi.

Kuma mutanenmu na Arewa sun fi yawa a wannan layi. Bahaushe ya saba da ci-rani tun kaka da kakanni, ya tafi shiru ya dawo shiru, ba ya son a gan shi a layin 'yan agaji. Ƙari a kan haka, nauyin shirin a Najeriya ya fi karkata Edo da Delta da Legas, saboda can ne aka fi samun masu nufin tsallaka teku zuwa Italiya. Cibiyoyin ba da shawara ga masu ƙaura na ma'aikatar ƙwadago suna Legas da Abuja da Benin. Masana'antar sarrafa abarba da aka kafa wa waɗanda suka dawo tana Iguobazuwa a jihar Edo.

Amma ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba. Ayyukan da ake yi wa al'umma, irin su gonar haɗaka ko wurin sarrafa amfanin gona, ana haɗa waɗanda suka dawo da matasan garin da ba su taɓa fita ba. Horon NDE da na SMEDAN kuma ba a tambayar ta ina ka shigo. Wadda aka yi safararta kuwa, ko ta yaya ta dawo, tana iya zuwa ofishin NAPTIP na Kano ko na Sakkwato ta kai kanta. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Daga sauka jirgi, me ke biyo baya?

A ɗauki bayananka, likita ya duba ka, ka kwana, a sallame ka. Bayan wani lokaci a kira ka horon kasuwanci na 'yan kwanaki, inda za a koya maka lissafin jari da riba, a zauna da kai ka tsara abin da kake son yi. Wani kwamiti ya duba tsarin, in ya amince a sayi kayan, daga baya a riƙa leƙo ka.

Abu ɗaya da ke jawo wa mutane asara a banza: lambar waya. Duk sadarwar ta waya ce. Ka ba da lambar wani abokin tafiya, ko layin ya rufe don ba ka haɗa shi da NIN ba, to an neme ka an rasa. Ka ba da lambarka, ka ƙara da ta mahaifiyarka ko ta wani yayanka da ba ya canja layi. Takardar da aka ba ka a filin jirgi kuma ka sa ta a leda ka adana kamar takardar gona.

Wace sana'a ta fi dacewa in zaɓa?

Wadda hannunka ya sani. In ka ji amsar ta yi gajarta, ga dalilinta.

Mafi yawan waɗanda ake tambaya me suke so, tireda suke cewa, ko POS, ko cajin waya. Dalili, su ne masu sauƙin rubutawa a takarda, kuma su ne ake gani a kowane lungu. To ai wannan ganin a kowane lungu shi ne matsalar. Na san wani matashi a unguwarmu da aka cika wa shago da taliya da madara da sabulu da man gyaɗa. Watan farko shagon gwanin sha'awa. Gidansu mutum goma sha ɗaya ne, kuma tun da shago ya buɗe aka daina zuwa kasuwa: a aiko yaro ya karɓo sukari, a aiko ya karɓo omo, "ka rubuta". Wa zai rubuta wa mahaifiyarsa bashi? Wata na huɗu na shiga sayen ashana, na miƙa hannu zan jingina da kwalayen taliyar da ke jere har rufi, sai suka motsa. Babu komai a ciki. Ya jera su ne don kada masu wucewa su gane kanta ta bushe. Ba caca ya yi ba, ba shaye-shaye. Gida ne ya cinye uwar kuɗin da cokali.

Wani kuma, wanda ya yi shekara biyu yana bin wani Bamisire aikin tayil a Misrata ta Libiya, da aka tambaye shi sai ya ce shi injin yanka tayil yake so, da ma'aunin ruwa, da guduma ta roba, da ɗan janareto. Kuɗin kayan nasa bai kai na mai tireda ba. Amma injin yanka tayil ba a dafa shi. Ya fara da banɗakin wani maƙwabci, aka ga layin ya miƙe sambal ba tudu ba kwari, yanzu yara biyu ke bin sa.

Mutane suna mantawa cewa ba kowa ne ya dawo da hannu biyu kawai ba. Wanda ya yi gini a Tamanrasset ta Aljeriya, ko walda a Sabha, ko ban-ruwa a gonakin Libiya, ko gyaran firij, ko gashin burodi, ya dawo da abin da ba a ƙwace masa a shingen 'yan bindiga ba. Ka faɗi wannan ga mai tsara maka takarda, ko da kana ganin ba wani abu ba ne.

In kiwo ne, turkar raguna tana da riba ga wanda ke da harawa da ƙaiƙayi da dusa a gida. Wanda zai sayi kowane mudu na abinci a kasuwa, ya yi lissafi sau biyu. Kaji kuwa cuta ɗaya ta ishe su cikin dare. Babur na haya, ka tuna Kano ta hana acaɓa tun Janairun 2013, kuma jihohi da dama sun taƙaita hawan babur saboda tsaro. Duk sana'ar da ke shan fetur kuma ta canja fuska tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024. Mai injin markaɗe da mai cajin waya sun fi kowa sanin wannan, shi ya sa masu wayo suke neman a sa musu sola a cikin kayan tun farko.

An ce in mun haɗu mu uku ko huɗu za a fi ba mu da yawa. Mu yarda?

Gaskiya ne jarin ya fi kauri in an haɗa, kuma akwai kayan da rabon mutum ɗaya ba zai saya ba, kamar injin casar shinkafa ko na buga bulo. Sai dai haɗakar da aka ƙulla a ɗakin horo, tsakanin mutanen da abin da ya haɗa su kawai shi ne kurkuku ɗaya a Libiya, ba ta cika kai shekara ba. Ɗaya yana Kano, ɗaya yana Haɗeja, ɗaya zuciyarsa tana kan komawa. Ƙarshenta a sayar da injin da araha a raba kuɗin.

In za ku haɗa, ku zama 'yan gari ɗaya, ku rubuta wa ke riƙe kuɗi, wa ke riƙe makulli, yaushe ake rabon riba, kuma me za a yi ranar da wani ya ce zai fita. Ku sa hannu gaban mai unguwa ko liman.

Baba ne ke tambaya: gona na jinginar na ba yaron nan kuɗin tafiya. In an ba shi kayan, ba sai a sayar a fanshi gonar ba?

Baba, Allah Ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya, kuma ita ce maganar da ta fi kowace nauyi a wannan shafi. Kusan babu wanda ya tafi da kuɗin kansa kaɗai. An sayar da sa, an jinginar da gona, uwa ta sayar da 'yan kunnenta ko ta kwashi adashi. Wasu kuma sun faɗa gidan bashi a Sabha, inda ake tsare mutum ana dukansa ana kiran gida a waya don a ji kukansa, har sai an turo kuɗin fansa. Wannan ma rance aka yi aka tura. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na wanda ya dawo daga Libiya ya fi na kowa tsawo.

To amma tallafin ba diyyar tafiya ba ne, kuma da wuya ya kai abin da aka kashe. In aka sayar da injin, a kasuwar kwance za a sayar, rabin kuɗi ko ƙasa da haka. Gonar ba ta fansu duka ba, yaron kuma ya koma zaman majalisa, kullum yana ganin fuskar waɗanda ya jawo wa asara. Irin wannan zaman shi ke mayar da yara Agadas karo na biyu.

Abin da na ga yana aiki shi ne a zauna tun kafin kayan su iso, da yaron da masu bin bashi da wani dattijo da kowa ke jin nauyinsa. A faɗi adadin a fili. A yanka abin da zai riƙa biya duk mako ko duk ranar kasuwa daga riba, a ba shi wata biyu ko uku na numfashi kafin ya fara. Kai kuma ɗan'uwa, ka gaya wa mai kula da takardarka gaskiyar bashin da ke kanka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mata fa? Ƙanwata daga Saudiyya aka dawo da ita, ba Libiya ba.

Hajiya, wanda aka kamo a Jidda ko Makka aka sako a jirgi saboda ba shi da takardar zama, ba ya shiga wancan shiri na kuɗin Turai kai tsaye, domin an tsara shi ne don hanyar Sahara da tekun Bahar Rum. Amma in dillali ne ya yaudare ta da sunan aikatau, aka ƙwace fasfonta, aka hana ta albashi, wannan safarar mutane ce, aikin NAPTIP ne, kuma suna da masauki da koyar da sana'a.

Matan da suka zauna can sukan dawo da hannu mai kyau a turaren wuta da humra da dilka da girkin Larabawa, kuma waɗannan sana'o'i ne da ake yi daga cikin gida, a tallata a waya. Abin da ya fi jari wuya a wurinsu bakin mutane ne, musamman wadda ta dawo da goyo. Akwai wadda ta gwammace ta kai kayanta wata unguwa ta sayar da ta buɗe a ƙofar gidansu. Kada a matsa mata sai ta yi a inda aka san ta.

A Nijar ma haka abin yake?

Kusan haka, amma Nijar tana ɗauke da kaya biyu: hanya ce ta masu wucewa, kuma 'ya'yanta ma suna tafiya. Mutanen Tawa da Damagaram da Maraɗi sun daɗe suna zuwa biɗa Libiya da Aljeriya. Daga yankin Kance da Matamaye kuwa mata da yara ne ke tafiya bara a biranen Aljeriya. A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Tun ƙarshen 2014 Aljeriya ke dawo da 'yan Nijar a ayarin motoci ta Assamaka, garin Nijar da ke bakin iyaka. 'Yan wasu ƙasashe kuma a sauke su a cikin rairayi, su taka kimanin kilomita 15 kafin su iso garin.

A ƙauyukan nan an fi ba da awaki, da injin niƙa, da kayan lambu, da jarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ga ƙungiyoyin mata. Inda damina ta yi kyau abin yana riƙe mutane. Inda rumbu ya ƙare tun kafin bazara, akuya biyu ba ta hana mace ɗaukar yaranta ta kama hanya. Dokar hana fasa-ƙwaurin baƙin haure ta 2015, wadda ta kashe kasuwar direbobin Agadas, gwamnatin Janar Tiani ta soke ta a Nuwamban 2023, motoci sun koma fita a fili.

Tun da ya dawo ba ya barci, ba ya son mutane, abu kaɗan ya fusata. A ba shi jari a haka?

A fara da lafiyarsa. Wanda ya ga an binne abokin tafiyarsa a rairayi, ko ya yi watanni a ɗakin da ba a iya miƙe ƙafa, ba ya dawowa daidai don kawai ya ga gida. Shirin kansa ya san da haka, akwai masu ba da shawara, kuma ana tura wanda abin ya yi wa tsanani asibiti. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na Kware a Sakkwato, da na Barnawa a Kaduna duk suna duba irin wannan. A yi addu'a, a kuma kai shi. Shago yana buƙatar mai iya yi wa mai ciniki murmushi da jure "a rage mini".

Wata shida ke nan da yin horo, shiru. An cinye ne?

Jinkiri shi ne ƙorafin da aka fi yi a kan shirye-shiryen nan, a Najeriya da Nijar da Gambiya da sauransu. Mutanen da aka dawo da su sun ninka abin da aka yi tanadi tun farko, ma'aikata kaɗan, takardu da yawa. Illarsa ita ce farashi ba ya jira: abin da ka rubuta a watan Rajab ba shi ne a kasuwa ba bayan Babbar Sallah. Ka riƙa kira, ka rubuta ranar da ka kira da wanda ya amsa, kuma in kaya sun tashi ka nemi a sabunta takardar farashin kafin a biya. Kafin nan kada ka zauna. Ka bi wani maigida a sana'ar da ka zaɓa, ko kyauta ne, don ranar da kayan suka zo ka riga ka san masu ciniki.

Wani ya ce in ba shi dubu goma ya sa sunana.

Ɗan damfara ne. Ba a sayar da fom, ba a biyan ko sisi. Wanda ya nemi lambar sirrin katin bankinka ko lambar da aka turo maka a waya, kashe wayar.

Ba dabarar Turawa ba ce kawai don kada mu je ƙasarsu?

Akwai wannan a ciki, kuma su ma ba su ɓoye ba. Asusun Valletta an buɗe shi ne a shekarar da mutum sama da miliyan ɗaya suka shiga Turai ta teku. Akwai kuma masu tambaya, da hujjarsu, ko za a kira dawowar wanda ke tsare a kurkukun Libiya "ta son rai", alhali zaɓin da ke gabansa jirgi ne ko ci gaba da zama a ɗaure. Duk wannan gaskiya ne. Injin walda dai ba ya tambayar niyyar wanda ya saye shi. Karɓarsa kuma ba ta ɗaure ka da alkawarin ba za ka sake fita ba, in wata rana ka samu hanya ta halal da fasfo da biza.

In sana'ar ta karye fa, za a sake ba ni?

Da wuya. Sau ɗaya ake yi, abin da ke biyo baya leƙowa ce da shawara. In ka ga alamar jirgin ya fara shan ruwa, ka faɗa da wuri, domin ana iya haɗa ka da wani horo ko wani aiki kafin komai ya tafi. Ka sayar da kayan sayarwa in ya zama dole, amma ka riƙe kayan aiki. Mai keke ko injin walda da ya rasa shago yana iya raɓawa a rumfar wani ya riƙa ba shi wani abu duk mako. In jari kake nema kuma kana gudun ruwa, akwai ƙiradi, wani ya kawo kuɗi kai ka kawo hannu ku raba riba yadda kuka yi yarjejeniya, akwai adashin 'yan kasuwa, akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ. Dukansu abu ɗaya za su fara tambaya: ina littafin cinikinka? Littafin makaranta mai shafi arba'in ya isa, a raba kowane shafi biyu, abin da ya shigo da abin da ya fita, har da sukarin da aka aiko yaro ya karɓa.